'Babu': Kalmar da ta fi kowace zirga-zirga a Jalingo

Duk wanda ya wayi gari a Jalingo, da wuya hantsi ya dubi ludayi bai ci karo da kalmar "babu" ba. Mai shayi zai lalube aljihu ya ce babu canji. Mai cirar kuɗi a bakin babbar kasuwa zai ɗaga na'urarsa sama kamar mai duban wata, ya girgiza kai ya ce babu sabis. Uwargida za ta murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru, ta leƙa ƙofar gida neman 'yan ga-ruwa. Tela da mai walda kuwa tun da sassafe suka ja benci suka zauna, domin babu wuta. Kalma ce mai gaɓa biyu kacal, ba ta da nauyi a harshe, amma takan rufe magana ruf, ta sallami mai tambaya bai san inda zai nufa ba.

Shekaru kaɗan da suka wuce na raka mahaifiyata wani asibiti. Likita ya rubuta mata magani, muka nufi tagar da ake karɓa. Saurayin da ke ciki ya dubi takardar, ya turo mana ita, ya ce, "Babu." Ni da na yi karatun boko har na juya zan tafi. Ita kuwa ta dafa tagar ta ce, "Ɗan nan, babu ne, ko ƙarewa ya yi?" Sai a lokacin ya ɗago kai. Ya ce, "Mama, ƙarewa ya yi. Tun bayan Sallah ba a kawo ba." Ta ce, "To, wa ke kawowa?" Ba mu samu maganin a ranar ba, amma mun bar wurin mun san ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Sana'ata gyaran labarai ce kafin su isa ga mai karatu, kuma tun daga wannan rana nake tsayawa a kan kowace "babu" da ta gifta ta gabana. Na fahimci cewa Hausa, da Fulatancin da ake ji a titunan Jalingo, har da wani harshe na can ƙasar Indiya, kowanne ya tanadi kalmomi daban-daban domin rarrabe nau'o'in rashi. Kalmar da mutum ya zaɓa a cikinsu ita ke nuna ko akwai wanda za a tambaya, ko kuwa haƙuri kawai za a bayar a watse.

Gari ɗaya, bakuna da yawa

Jalingo wuri ne da ya dace a saurari wannan al'amari, domin kunne ba ya hutawa da sauyin harshe. Garin ya faro ne a matsayin sansanin yaƙi na Sarkin Muri Muhammadu Nya, wanda ya mayar da mazauninsa can a 1893, bayan yaƙin da ya yi da Kona tare da taimakon wani hafsan Faransa mai suna Louis Mizon. Sunan garin ma daga Fulatanci ya fito, daga tushen kalmar da ke nufin rinjaye. Ranar 27 ga Agusta, 1991 ya zama babban birnin sabuwar Jihar Taraba. A yau Mumuye da Fulani da Jukunawan Kona da Jenjo da Wurkum da Tibi da Kuteb da Chamba da sauran ƙabilu da dama suna cuɗanya a kasuwa ɗaya, kuma Hausa ce gadar da akasarinsu ke bi su fahimci juna.

A ɗauki misalin mai tallan nono. Idan mai saye ya iso ya tarar ta sayar da na ƙwaryarta ƙaf, da Hausa za ta ce "babu nono", da Fulatanci kuma ta ce "kosam walaa". Amma idan ya leƙa wata ƙwarya ya ga farin abu ya zaci nono ne alhali kunu ne, ba za ta ce "babu" ba. Za ta ce "ba nono ba ne", a Fulatanci kuma ta kawo wata kalma dabam, "wonaa", wadda a bakin Fulanin gabas ake taƙaita ta zuwa "naa". Ta farko tana kore samuwar abu ɗungurungum. Ta biyu tana tabbatar da cewa akwai wani abu a wurin, sai dai ba wanda ake zato ba ne. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya kuskuren wannan bambanci, ko da yake babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa.

Hausa tana da wasu hanyoyin korewa bayan waɗannan: "bai zo ba" ga aikin da bai auku ba, "ba ya zuwa" ga wanda ba ya gudana, "kada ka zo" ga hani. Masanin harshe Paul Newman ya rubuta maƙala sukutum a kansu a 1971, kafin babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000. Masana sun yi saɓani a kan asalin "babu" ita kanta: wasu na ganin haɗin "ba" da "abu" ce, wasu kuma na ganin "ba" ɗin da ke cikin "ba kowa" ce ta gutsuro daga "babu".

Ga mai gyaran rubutu, wannan fage cike yake da tarko, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Ba shi" na iya zama umarnin a miƙa wa mutum abu, na iya zama labarin cewa mutumin ba ya nan, in kuma aka haɗe su aka rubuta "bashi" an shiga wata magana dabam. Tsakanin "ba shi kuɗi" da "ba shi da kuɗi" 'yar kalma ɗaya ce, amma ita ce ta raba kyauta da talauci.

Abin da mutanen Kerala ke cewa

Waɗanda suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 za su tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Indiya da suka cika makarantun gwamnati. Da yawa daga cikinsu sun fito ne daga Kerala, jihar da ke gaɓar teku a kudu maso yammacin Indiya, inda ake magana da harshen Malayalam. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna masu wannan harshe sun kusa miliyan 35. Ba shi da dangantakar asali da Hausa ko Fulatanci ko kaɗan, amma ya raba rashi gida biyu daidai wurin da mai tallan nononmu ta raba shi.

A Malayalam, "illa" ita ce "babu", kishiyar "undu" mai nufin "akwai". "Alla" kuwa ita ce "ba shi ba ne", kishiyar "aanu" da ke aikin "ne" da "ce". Kada kamannin sauti ya ruɗi mai karatu: babu abin da ya haɗa su da "illa" ta Hausa mai nufin aibu, ko da sunan Ubangiji. Ruwa a harshen shi ne "vellam". "Vellam illa" na nufin babu ruwa, "vellam alla" kuma ba ruwa ba ne. Wasali ɗaya ne ya raba su.

Kamannin bai tsaya nan ba. Mutumin Kerala da jikinsa ba daɗi zai ce "sukhamilla", wato babu lafiya, kamar yadda Bahaushe ya sanya wa ciwo suna "rashin lafiya". In an taka shi aka ba shi haƙuri, zai amsa da "saaramilla", wadda ita ce "ba komai" tamu. In aka tambaye shi ingancin abu ya ga matsakaici ne, zai ce "kuzhappamilla", wato "ba laifi". Daga "illa" suka ƙera "illaayma", kalmar da ke ɗauke da ma'anar rashin samuwa da kuma talauci a lokaci guda, tamkar "rashi" a bakin Bahaushe. Inda suka bambanta da mu shi ne wajen mallaka. Bahaushe yakan ce "ba ni da kuɗi", wato ba na tare da su, kamar abokan tafiya da aka rabu. Bafulatani ya ce "mi walaa ceede". Mai Malayalam kuwa cewa yake yi "a gare ni kuɗi babu", shi yana zaune ne kawai, kuɗin ne ba su iso ba. Akwai ma abin dariya a tsakani: a Kerala "Babu" sunan namiji ne da ya yaɗu ƙwarai, abin da ɗalibin Bahaushe ba zai ji ya kasa murmushi ba.

Akwai kuma wata kalma da ta taso daga Indiya ta iso har ajin firamare na Jalingo. A tsohon harshen Sanskirit, "shunya" na nufin wofi, kuma da ita masana lissafin Indiya suka kira alamar da ke tsayawa a gurbin da babu adadi. A shekarar 628 Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da ita. Larabawa suka fassara ma'anar zuwa "sifr", daga nan Hausa ta samu "sifiri", daga nan ne kuma Turawa suka samo sunan da suke kiran ta. Har yau Malayalam na amfani da "shunyam" wajen nufin wofi. Hikimar sifiri ita ce an bai wa rashi alama, an ajiye shi a gurbinsa, ya zama abin ƙirgawa. A littafin ajiya, gurbin da aka bari fayau na iya zama mantuwa, na iya zama ɓoyo. Wanda aka rubuta sifiri a cikinsa kuwa shaida ne cewa wani ya duba, ya ƙirga, ya sa hannu.

Kunyar "babu"

Bahaushe na asali ba ya son furta "babu" tsirararta. Almajiri ya yi bara a ƙofar gida, ko da tukunya a kife take, ba za a ce masa babu ba, sai dai a ce "Allah ya ba da haƙuri". Hatsi ya ƙare a rumbu ko tuwo a akushi, tsofaffi kan ce "ya yi albarka". Ɗan kasuwa kan ce "sai an kwana biyu" ko "yana hanya". Karin magana ma ta nuna yadda ake gudun ta: da babu gara ba daɗi. Wata kuma ta ƙi yarda da ita gaba ɗaya, ta ce ba a rasa nono a ruga.

A wajen mutuwa ne wannan ladabi ya fi bayyana. Dabba ce ke mutuwa kai tsaye, mutum rasuwa yake yi, kuma "rasu" daga "rasa" ta fito: wanda aka nema ba a samu ba. Iyalansa su ce "an yi mana rashi". Shi kuma a kira shi "marigayi", wanda ya riga mu, kalmar da ke tuna wa mai faɗar ta cewa hanya ɗaya ce. Harshen ya bar wa mamaci gurbinsa a cikin jimla, bai share shi ba.

Wani abin mamaki, da korewa Bahaushe ke kai yabo maƙura. Abin da ya ƙayatar sai a ce "ba dama" ko "ba a magana". Gwani kuwa "babu kamarsa". Kalmar shahada ma da korewa ta fara kafin ta tabbatar. "Ba komai" kuma, wadda a zahiri ke nufin wofi, sau da yawa cike take da abin da aka haɗiye: yafiya, ko kawaici, ko fushin da aka ajiye sai wata rana.

Wannan tarbiyya kyakkyawa ce a tsakar gida da tsakanin maƙwabta, inda manufarta kare mutuncin mai nema da na wanda ya rasa. Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauke ta aka kai ta tagar ma'aikata. A can "yana hanya" kan shekara tana hanya, "a yi haƙuri" kuma ta zama amsar tambayar da ba a amsa ba.

Wofi mai tarihi

Hausa ta kuma rarrabe wuraren da babu kowa. Fili dai fili ne, ba a taɓa gina komai a kansa ba. Kango gini ne da aka bari, ko dai ba a ƙarasa ba ko an tashi daga cikinsa. Kufai kuwa gari ne guda da mutanensa suka watse, sai tsofaffin bishiyoyin kuka da fasassun tukwane. "Fanko" da "holoƙo" na abin da aka yi domin ya ɗauki wani abu ne amma cikinsa wofi. "Wayam" kuma ita ce abin da ido ke gani sa'ad da ya zo da tsammani: an buɗe akwati an ga wayam, an je tasha an tarar wayam. Kowace daga cikinsu tana ba da labarin abin da ya gabata, ko abin da aka yi alkawari.

Mutanen Taraba sun san irin wannan rashi. Jihar Gongola da aka kafa a 1976 babu ita a taswira tun 1991, amma tana nan a takardun shaidar makaranta da bakin dattawa da ke cewa "tsohuwar Gongola". Harshe ma kan zama kufai. A ƙasar Mambila, ɓangaren Kamaru da ke maƙwabtaka da ƙaramar hukumar Sardauna, masanin harshe Bruce Connell ya taɓa samun dattijo ɗaya tak da ya rage yana jin wani harshe mai suna Kasabe. Da ya koma domin ya naɗi harshen, sai ya tarar dattijon ya rasu ranar 5 ga Nuwamba, 1995. A Jalingo kanta, ba abin mamaki ba ne a ga gidan da kakanni ke magana da harshen ƙauyensu, jikoki na amsawa da Hausa. Dole mu masu rubutu da Hausa mu yarda cewa harshenmu na cikin masu cike wannan gurbi, kuma duk harshen da ya yi shiru yakan tafi da nasa kalmomin na rashi da makoki da ta'aziyya, waɗanda "babu" ba za ta iya maye su ba.

Tsanin da ke kai wa ga mai alhaki

Tambayar da mahaifiyata ta yi a tagar asibiti hawa tsani ce, mataki bayan mataki. "Babu magani" ita ce matakin ƙasa: jimla ce da ba ta da mai aikatawa, ba ta da lokaci, tamkar yanayin da Allah ya saukar. "Ya ƙare" ta shigo da lokaci: da akwai, yanzu babu. "Ba a kawo ba" ta shigo da hannu, ko da yake ba ta nuna fuska ba, irin "an ɗauke wuta" da muke faɗa kullum. "Ba su kawo ba" ta nuna cewa mutane ne sanannu. Matakin ƙarshe shi ne a ambaci ofishin, da ranar da ya kamata ya kawo, da adadin da aka ware masa. Nahawun Hausa ya tanadi dukkan matakan nan. Mu ne kan tsaya a na farko.

Taraba tana da misalan da suka isa. Fiye da shekara 40 ke nan ana maganar tashar wutar lantarki ta Mambila. A 2017 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar kusan dala biliyan 5.8 domin samar da megawat 3,050. Tela a Jalingo da ya ce "babu wuta" bai yi ƙarya ba, amma jimlarsa ba ta ɗauke da wannan tarihi. A daminar 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, matafiya suka koma tsallaka ruwa da jiragen fito. A ranar farko, "gada ta karye" ita ce gaskiyar labari. Bayan watanni, gaskiyar labari ta koma "ba a gyara gada ba". Haka a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, "babu kuɗi" ta cika ƙasa alhali kuɗin mutane na nan a asusunsu. Takardun ne aka janye daga hannun jama'a, sabbin kuma ba su wadata ba. Da Malayalam ko Fulatanci ko Hausa, wannan ba "babu" ba ce ta gaskiya. Akwai ce da aka hana.

Shi ya sa kanun labari ke da nauyi. "Babu ruwa a unguwa kaza" kanu ne da ke jawo tausayi, mai karatu ya ce Allah ya kyauta ya wuce. "Wata uku ba a gyara injin da ke bai wa unguwa kaza ruwa ba" kanu ne da ke tilasta wa wani ya yi bayani. Na farko ya fi sauƙin rubutawa, domin ba ya bukatar wakili ya je ya tambaya, ba ya kuma ɓata wa kowa rai. Na biyu yana bukatar a san yaushe, a san nawa, a san wa. Ba kowace "babu" ce ke da mai laifi ba: fari da ambaliya da ajali ba su da ofishin da za a kai ƙara, kuma a nan haƙuri da addu'a su ne magana. Aikin ɗan jarida, da na duk ɗan ƙasa, shi ne ya tantance wacce ce a gabansa kafin ya ba da haƙuri ko ya karɓe shi.

Hausa ta ajiye wani gargaɗi a cikin sautinta ga mai lura. Tsakanin "ba ruwa" da "ba ruwana" gaɓa ɗaya ce tak. Duk ma'aikacin da ya saba faɗin ta farko ba tare da an tambaye shi dalili ba, ba ya daɗewa yake zarcewa zuwa ta biyu. Maganin hakan bai fi ƙarfin kowa ba, domin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta yi shi a tsaye a bakin taga, cikin ladabi, ba tare da ta ɗaga murya ba. Gobe in an ce maka "babu" a famfo, ko a asibiti, ko a makarantar 'ya'yanka, ka dafa tagar ka tambaya: babu ne, ko ƙarewa ya yi? In ƙarewa ya yi, wa ke kawowa?